Zauren Tambayoyi: "Wane ya haifi wane" ɗin nan, dole ne sai na karanta?

Salama gare ku 'yan'uwa. Saƙonnin wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi, karatun Littafi Mai Tsarki na kullum da jerin sunayen nan masu sa mutane hamma, shi ya sa na tattara su wuri guda. Waɗanda suka aiko tambaya a kan zakka da sadaki ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba Fasto barka da aiki. Ni dai matsalata duk watan Janairu sai in ɗau alkawari zan karance Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayi, in fara da zafina, Farawa da Fitowa su wuce lafiya, Firistoci in daure in cije, amma da na iso Tarihi ta Ɗaya shikenan mota ta mutu, sura tara cur ba komai sai sunaye, wasu ma harshena ba ya iya juya su. Dan Allah zunubi ne in na tsallake? Kuma me ya sa ma aka saka su tun farko? Daga wata 'yar kwaya a Kafanchan.

AMSA: 'Yata, ba zunubi ba ne, kwantar da hankalinki. Babu ayar da ta ce wanda ya tsallake sura tara ya faɗi daga alheri. Amma asara kam kina yi.

Ki fara tambayar kanki su wa aka rubuta wa littafin. A shekara ta 586 kafin haihuwar Yesu sojojin Babila suka rushe Urushalima, suka ƙone Haikali, suka kwashe mutane zuwa bauta. Wajen 538 Sairus sarkin Farisa ya ce mai son komawa gida ya koma, kuma Ezra sura 2 ta ba mu yawan jama'ar, mutum 42,360 ban da bayi da mawaƙa. Da yawansu a can Babila aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da ido ba sai a bakin kakanni. Su da 'ya'yansu da jikokinsu su ne aka rubuta wa Tarihi, mutanen da ba su da sarki nasu na kansu, haraji suke biya wa Farisa, kuma tambayoyin da ke cin ransu ba na wasa ba ne: wannan gonar ta wa ce, wa ya isa ya tsaya a gaban bagade, alkawarin da Allah ya yi wa Dawuda yana nan ko ya ƙone tare da Haikali.

Ki ɗauki zancen gona. A Shari'ar Musa ƙasa ba ta sayuwa har abada, Firistoci 25 ta ce a shekara ta hamsin kowa ya koma gadon gidansu, shi ya sa ma Nabot ya gwammace ya ɓata da sarki Ahab da ya sayar da gonar inabin kakanninsa. To ta yaya za a san gadon gidanku in ba a san gidanku ba? Duk wanda rikici ya taɓa kora daga ƙauyensu, ya dawo bayan shekaru ya tarar wani na noma gonar ubansa, ya san darajar dattijon nan guda ɗaya da ya rage wanda zai iya tsayawa gaban mai gari ya ce wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, gonar nan tasu ce. Aikin da surorin nan suka yi wa masu karatu na farko ke nan. Firistoci kuwa abin ya fi tsanani, ki duba Ezra 2:61-63, akwai gidaje uku da suka ce su firistoci ne, aka nemi sunayensu a rajista ba a samu ba, aka dakatar da su, aka hana su cin abinci mafi tsarki.

Yanzu yadda za ki karanta. Kar ki raba su sura ɗaya yau ɗaya gobe, nan ne mutum ke gajiya. Ki zaɓi yammacin wata Lahadi, ki ɗauki fensir, ki bi su da gudu a zama ɗaya ko biyu, sunan da ya ƙi faɗuwa ki wuce shi ba wanda zai ba ki maki. Abin da kike nema shi ne inda marubucin ya taka birki ya yi magana, don duk inda ya fasa "wane ya haifi wane" ya ƙara wata kalma, da gangan ne. A 2:7 ya ce wani ya jawo wa Isra'ila masifa, Akan ke nan na littafin Joshuwa. A 4:9-10 ga Yabez, wanda uwarsa ta haifa da wahala, ya roƙi Allah ya sa masa albarka ya faɗaɗa iyakarsa, Allah kuwa ya amsa. Wannan kam masu wa'azin arziki sun tatse shi har ya bushe, aya biyu kacal amma an gina taron sati guda a kanta, sai dai ba laifin Yabez ba ne. A 4:21-23 akwai gidajen masaƙa da maginan tukwane masu yi wa sarki aiki. A 5:1 an gaya mana dalilin da ya sa Ra'ubainu ɗan fari ya rasa matsayinsa. A 7:24 ga wata mace, Sheyera, da ta gina garuruwa uku, kin taɓa jin an yi wa'azi a kanta a taron zumuntar mata? A 9:31 har sunan Balawin da ke kula da toye-toyen Haikali an rubuta, Mattitiya, kuma ke da kike 'yar kwaya ki tsaya a 6:31 zuwa gaba, sunayen mawaƙan da Dawuda ya naɗa ne.

Sannan ki ja baya ki kalli tsarin gaba ɗaya. Yahuza ba shi ne babba a 'ya'yan Yakubu ba amma shi aka fara da shi, aka ba shi kusan sura uku, gidan Dawuda a tsakiyarsu. Lawi ya samu doguwar sura ta 6. Wasu kabilun 'yan ayoyi kaɗan, Naftali aya guda. Daga yawan tawadar da ya kashe wa kowa kin riga kin san abin da sauran littafin zai yi magana a kai, sarautar Dawuda da sujada a Haikali. Sura 3 kuma ba ta tsaya a inda Babila ta ci ƙasar ba, ta ci gaba da jera zuriyar Dawuda bayan Zarubabel, jagoran waɗanda suka komo daga Babila, wato gidan bai ƙare ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Abokin ɗakina, mutumin kirki ne muna mutunta juna, ya nuna mini cewa Matiyu ya ce uban Yusufu mijin Maryamu sunansa Yakubu, Luka kuma ya ce Heli, ya ce ta yaya mutum ɗaya zai yi uba biyu. Gaskiya na rasa ta cewa, kunya ta kama ni. Kuskure ne a Littafin?

AMSA: Ɗana, abokinka ya karanta da kyau, ya ma fi wasu dattawan ikilisiya lura, ka gaishe shi. Kuma bambancin ya wuce inda ya nuna maka. Matiyu 1 ya taso daga Ibrahim ya gangaro, Luka 3 ya taso daga Yesu ya haura har Adamu. Daga Ibrahim zuwa Dawuda kusan bakinsu ɗaya. Daga Dawuda sai hanya ta rabu, Matiyu ya bi ta Sulemanu da sarakunan Yahuza, Luka ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda da bai taɓa sarauta ba. Suka haɗu a Sheyaltiyel da Zarubabel, suka sake rabuwa har Yusufu.

Ba yau aka gano wannan ba. Tun farkon ƙarni na 3 wani malamin Kirista, Yuliyus Afirkanus, ya rubuta wasiƙa a kai, Yusibiyus mai tarihin ikilisiya ya adana mana ita. Bayaninsa shi ne Heli da Yakubu 'yan uwa ɗaya ne uba daban, Heli ya yi aure ya mutu bai haihu ba, sai Yakubu ya auri matar bisa ga dokar Maimaitawar Shari'a 25:5-10, wadda ta ce ɗan farin da aka haifa a irin wannan aure sunan mamacin zai ɗauka. Ka ga Yusufu ya zama ɗan Yakubu ta jini, ɗan Heli ta shari'a. Bayani na biyu, wanda aka fi ji a makarantar Lahadi, wai Luka zuriyar Maryamu ya kawo, Heli ubanta ne, Yusufu suruki. Yana da daɗin faɗa amma ka yi hattara da shi a gaban mai karatu irin abokinka, don Luka bai ambaci Maryamu a jerin ba ko sau ɗaya. Na uku, Matiyu jerin magada gadon sarauta ya bayar, wato wa zai hau in da sarautar na nan, in layin wani ya yanke sai gado ya tsallaka zuwa ɗan'uwa mafi kusa, Luka kuma ya bi haihuwa. Ni wannan na ukun ya fi kwanta mini. Amma ka faɗa masa a matsayin bayanin malamai, kar ka ce aya ce ta faɗa.

Abin da za ka iya nuna masa da yatsa shi ne Matiyu bai ce zai kawo kowane suna ba. Shi da kansa a aya 17 ya ce ya shirya su kashi uku, goma sha huɗu goma sha huɗu. Don lissafin ya fita ya tsallake sarakuna uku a jere bayan Yoram, wato Ahaziya da Yowash da Amaziya, ya kuma tsallake Yehoyakim, alhali duk Bayahuden da ya je makaranta ya san su, suna nan a 1 Tarihi 3, ba abin ɓoyewa ba ne. Tsakanin Zarubabel da Yusufu, wajen shekara 500, Matiyu suna tara ya kawo, Luka goma sha takwas. Haka ake rubuta asali a lokacin, Ezra ma a sura 7 ya bar sunaye shida daga nasa jerin in ka gwada da 1 Tarihi 6. Ayar farko ta Matiyu ma ai ta kira Yesu ɗan Dawuda ɗan Ibrahim, kuma tsakanin Dawuda da Yesu shekara dubu ce.

Sai dai zan ji haushi in kuka ƙare hirar a kan Heli kawai, don abin mamakin da ke cikin jerin Matiyu ba shi ba ne. Mata ne. Ba a cika saka mata a irin wannan jeri ba, in ma za a saka ai Saratu da Rifkatu za a ɗauko, iyayen gida. Matiyu ya bar su ya ɗauko Tamar, wadda ta yi shigar karuwa ta samu ciki da surukinta Yahuza, Farawa 38, surar da ba a cika karantawa a gaban yara ba. Ya ɗauko Rahab karuwar Yariko. Ya ɗauko Rut mutuniyar Mowab, bayan Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana Mowabawa shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma. Batsheba kuwa ko sunanta bai kira ba, ya ce matar Uriya, don kar kowa ya manta abin da Dawuda ya yi wa sojansa. Mai son ƙirƙiro wa Almasihu asali mai ƙyalli ba haka zai rubuta ba. Kuma littafin da ya buɗe da baƙin mata a gidan sarauta shi ne ya rufe da umarnin a je a almajirtar da dukkan al'ummai. Ka amsa masa cikin ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce, ba gasar muhawara kuke ba, ɗaki ɗaya za ku kwana.

TAMBAYA: Baba, muna da gurup na WhatsApp na matasan cocinmu, kullum ana turo surorin ranar kowa ya sa alama in ya karanta. Ni direba ne, wani lokaci in yi kwana huɗu a hanya, yanzu bashin sura kusan arba'in ke kaina, har na fara sa alama ba tare da na karanta ba. In biya bashin ne ko in bari? Daga Gombe.

AMSA: Ɗana, alamar ƙaryar nan ita ce kaɗai abin da ya dame ni a saƙonka, ka daina ta yau. Bashin kuwa ba wanda ke bin ka. Ka ci gaba daga surar yau tare da 'yan'uwanka, waɗanda suka wuce ka rubuta su a bayan littafinka, ranar da mota ke gareji ka koma musu.

Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, sura 1,189, Tsohon Alkawari 929 Sabo 260. In ka raba da kwanakin shekara sura uku da 'yan kai ne kullum, daga nan duk jadawalin nan suka samo lissafinsu. Wani shahararre ma na wani fasto ne a Sikotilan, Robert Murray M'Cheyne, ya shirya wa ikilisiyarsa a 1842, kusan sura huɗu a rana daga wurare huɗu, kuma shi kansa ya gargaɗi mutanensa kar abin ya zame musu kaya ko al'ada kawai. Surorin ma ba annabawa suka yanka su ba, Stephen Langton ne a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma sai 1551 wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ya saka. Shi ya sa ba tsawonsu ɗaya ba, Zabura 117 aya biyu ce, Zabura 119 aya 176, duk "sura ɗaya" a jadawali.

Ina son jadawali fa, kar a ce na kushe shi, in ba shi ba yawancinmu Zabura 23 da Yahaya 3 za mu yi ta zagayawa har mu tsufa ba mu taɓa leƙa Habakuk ba. Amma in na shekara ɗaya ya fi ƙarfin aikinka ka mai da shi na shekara biyu. Kuma kai da kake yini a sitiyari, akwai Littafin da murya a manhajojin waya, ka sauke inda akwai netwok mai kyau ka riƙa saurara, idonka dai a kan titi.

TAMBAYA: Baba Fasto a ɓoye sunana. Shekarata shida da aure ba haihuwa, ciki biyu sun zube. Wata ƙawata ta kai ni wani wurin addu'a, mai wurin ya ce la'anar gidanmu ce don kakan babana matsafi ne, wai in rubuto sunayen kakannina har bakwai in kawo da kuɗin sadaka a karya abin. Ya karanta mini Fitowa 20:5. Na kasa barci. Daga Filato.

AMSA: 'Yata, sannu, Allah ya ta'azantar da ke a kan 'ya'yan da kika rasa. Kar ki kai sunayen, kar ki kai kuɗin, kar ki koma wurin.

Ya karanta miki aya 5 ya rufe littafin. Ki buɗe ki karanta har 6. Hukuncin da ke bin tsara ta uku da ta huɗu an ce na waɗanda ke ƙin Allah ne, ayar da ke biye kuma ta ce yana nuna ƙauna ga dubbai na masu ƙaunarsa. Ke a wane layi kike? Mutanen zamanin Ezekiyel ma sun yi irin wannan tunani, har karin magana suke da shi, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu. Ki karanta Ezekiyel 18 gaba ɗayanta, Allah ya hana su sake faɗin karin maganar, ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambayi Yesu laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya, Yahaya 9. Galatiyawa 3:13 kuma ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana, ba ta ce ya biya rabi saura ki cika a wurin wani ba.

Jerin sunayen nan da mutane ke tsallakewa su ne ma suka fi ƙaryata mutumin. Ahaz ya miƙa ɗansa hadaya a wuta, shi ya haifi Hezekiya, ɗaya daga cikin sarakunan Yahuza mafi tsoron Allah. Hezekiya ya haifi Manassa wanda ya yi shekara 55 a kan gado ya cika Urushalima da gumaka da jini. Jikan Manassa shi ne Yosiya, ya hau sarauta yana ɗan shekara takwas, shi ya share ƙasar. Ina la'anar ta bi, ina albarkar ta bi? Ga wanda na fi so. Kora ya tayar wa Musa a Ƙidaya 16, hukunci ya faɗa masa a gaban jama'a duka. Sai a tsakiyar wata ƙidaya, Ƙidaya 26:11, aka sa ɗan gajeren layi cewa 'ya'yan Kora ba su mutu ba. Ki je 1 Tarihi 6:33-38, shugaban mawaƙa Heman jikan annabi Sama'ila ne, kuma in kika bi sunayen kakanninsa za ki iske Kora. Zabura 42 da 46 da 84 da muke rerawa, duk a kansu an rubuta na 'ya'yan Kora ne.

Kuma mu yi maganar gaskiya, 'yan mishan na SIM sun iso ƙasar nan a 1893, na SUM a 1904. In aka ƙirga baya kaka uku ko huɗu, wa ke cikin cocinmu da ba zai iske mai tsafi a gidansu ba? Har shi mai wurin addu'ar. Bulus ya gaya wa Timoti da Titus su hana mutane ɓata lokaci a kan tatsuniyoyi da ƙididdigar asali marar iyaka, 1 Timoti 1:4 da Titus 3:9, ba jerin Littafin yake zagi ba, masu mai da asali abin gardama da ciniki yake nufi.

Inda binciken gida ke da amfani na gaske shi ne asibiti. Ku je ke da maigidanki, ku biyu, ba ke kaɗai ba don matsalar haihuwa ba ta mace kaɗai ba ce, ku ga likitan mata, ku gaya masa watannin da cikin suka zube da duk wata cuta da kuka sani a danginku. Akwai abubuwa da dama da ke jawo ɓari waɗanda gwaji ke nunawa kuma ana maganinsu. Matasa masu shirin aure ku ma ku ji, gadon da ya kamata ku bincika shi ne na jini, in ku biyun AS ne kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ki samu matar fastonku ko wata uwa a zumunta da kika yarda da ita ku riƙa addu'a tare, kyauta.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne mu baƙaƙen fata zuriyar Ham ne da Nuhu ya la'anta, shi ya sa Afirka ba ta ci gaba? Na gani a wani bidiyo. Daga wani matashi a Maraɗi.

AMSA: Ƙarya ce, tsohuwar ƙarya ma, da ita masu bayi a Amurka suka riƙa kare kansu daga kan mumbari. Buɗe Farawa 9:25 da kanka, wanda Nuhu ya la'anta Kan'ana ne. Farawa 10:6 ta ce 'ya'yan Ham huɗu ne, Kush da Masar da Fut da Kan'ana, ukun farko su ne ake dangantawa da Afirka kuma ba wanda ya la'ance su, Kan'ana kuwa ba a Afirka zuriyarsa ta zauna ba, ƙasar da Isra'ilawa suka shiga ce. Launin fata ko sau ɗaya ba a ambata a labarin ba.

Ka bi Kush ka gani, ƙasar da ke kudu da Masar, yankin Sudan ta yau. Musa ya auri mutuniyar Kush, 'yan'uwansa Haruna da Maryamu suka yi gunaguni, wadda ta kamu da kuturta a Ƙidaya 12 Maryamu ce. Da aka jefa Irmiya a rijiya manyan Yahuza na kallo, Ebed-melek mutumin Kush ne ya je gaban sarki ya fito da shi, har da tsummoki ya sa masa a hammata kar igiya ta ji masa ciwo, Allah kuma ya aika masa alkawarin tsira a Irmiya 39. A Ayyukan Manzanni 8 ma'ajin sarauniya Kandakatu yana cikin keken dokinsa yana karatun Ishaya, Filibus ya yi masa baftisma tun bishara ba ta taka Turai a littafin ba. Kan'anan ma da aka la'anta, Rahab daga cikinsu take.

TAMBAYA: Baba, mamata ba ta yi boko ba kuma idonta ya yi rauni, tana baƙin ciki wai ita ba ta karatun kullum kamar sauran mata. Me zan yi mata? Daga Zonkwa.

AMSA: Ki gaya wa Mama yawancin mutanen Allah tun daga Musa da kunne suka karɓi Maganar. A Nehemiya 8 Ezra ne ya karanta tun safe har tsakar rana jama'a na tsaye suna ji, Wahayi 1:3 kuma ta sa albarka ga mai karantawa da masu sauraro duka. Ku raba aikin a gida, jikoki su riƙa karanta mata bayan tuwon dare, su ma Hausarsu ta gyaru. Ku fara da Markus, sura 16 ce kuma labari ne mai gudu, sai Rut, sai Luka. Ki lura da fassarar da kunnenta ya saba da ita, tsofaffi da yawa da ta 1932 suka tashi, wadda Dokta Walter Miller na Wusasa ya yi aiki a kanta, wasu kuma da ta 1979, in kika karanta mata wadda ba ta saba ba za ta yi ta gyara miki. Ki bar ta ta gyara, ayoyin da ke kanta sun fi naki yawa.

TAMBAYA: Malam ina koyar da 'yan makarantar Lahadi. In na tara shekarun da ke Farawa 5 da 11 zan iya gaya wa yara shekarun duniya? Daga Biliri.

AMSA: An riga ka. Babban bishop James Ussher na Ailan ya yi wannan lissafi a 1650 ya ce an halicci duniya a 4004 kafin haihuwar Yesu, daga baya aka riƙa buga shekarar a gefen shafin wasu Littattafan Turanci har mutane suka ɗauka aya ce. Matsalar ita ce lissafin na tafiya ne kawai in ba a tsallake kowa ba kuma in lambobin iri ɗaya ne a ko'ina. Daga Adamu zuwa ruwan tsufana rubutun Ibrananci ya ba da shekara 1,656, tsohuwar fassarar Girkanci da ikilisiyar farko ta yi amfani da ita ta ba da sama da 2,200. Luka 3:36 kuma ya sa wani Kainan tsakanin Arfakshad da Shela wanda babu shi a Farawa 11 ta Ibrananci. Littafin kansa bai taɓa tara shekarun ya ce ga jimilla ba, to kar ka ba yara lambar da gobe malamin sakandare zai rushe musu su zaci bangaskiyarsu ce ta rushe.

In za ka koyar da Farawa 5, sa yaran su karanta da ƙarfi su tafa hannu duk inda aka ce "ya rasu". Za su tafa wa Adamu mai shekara 930, su tafa wa Metusela mai 969, sau takwas gaba ɗaya. A kan mutum na bakwai, Anuhu, hannu zai tashi ya rasa abin tafawa don shi an ce ya yi tafiya da Allah, Allah ya ɗauke shi. Daga nan sai ka kai su Ibraniyawa 11:5, darasin ranar ya ishe ka har lokacin tashi.